Littafi da Fim ɗin Koriya: Jagoranci ko Yaudara?

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai da malamaina masu girma, tambayar da na ke so mu tattauna a wannan fitowa ta mujallarmu ƙarama ce a baki, amma tana da nauyi a wuyan duk wanda ya bar ƙane ko ƙanwa a gida. Ga ta: idan yaro ya ƙwallafa ransa a kan fina-finai da waƙoƙin mutanen Koriya ta Kudu, shin daidai ne babba ya bi ta wannan ƙofa domin ya kai shi ga karatun littafi? Watau ya ce masa, tun da kana son fim kaza, to ga littafi mai irin labarinsa. Tun da kina son mawaƙa kaza, to ga abin da su kansu su ke karantawa. Wasu sun ce wannan hikima ce. Wasu sun ce yaudara ce, ko ma dai sa hannu ne cikin ɓarna. Ina da nawa ra'ayi, zan kuwa faɗe shi, amma sai na fara shimfiɗa yadda al'amarin ya ke, don kada mu yi gardama a kan abin da ba mu auna ba.

Ni ɗan Sanyinna ne, a ƙasar Tambuwal, kudu da birnin Sakkwato, kuma da idon mutumin can zan dubi maganar. Dalili kuwa shi ne, yawancin masu rubutu a kan tarbiyyar matasa birni kaɗai su ke kallo, alhali abin da ke cikin wayar yaron Kano ko Kaduna yana cikin wayar yaron Sanyinna da Dogon Daji da Jabo da Kebbe.

Yadda Al'amarin Ya Ke

Duk wanda ya san garuruwanmu ya san rumfar mai cajin waya. Can ne yaro zai kai wayarsa ko ta yayarsa, ya biya 'yan kuɗi kaɗan, a cika ta da wuta, a kuma tura masa fina-finai daga kwamfuta. A da na Indiya da na Kano a ke nema. Yanzu na Koriya sun sami wurin zama, wasu an aza musu muryar Hausa, wasu kuwa da rubutun Turanci a ƙasan hoto. Matan aure su kan aiki yara su karɓo musu, 'yan mata su yi ta musanye tsakaninsu, samari kuma su taru a kan waya ɗaya bayan sallar lisha.

Cikin waɗanda suka yi suna akwai Jumong, wanda aka nuna a Koriya daga 2006 zuwa 2007, kashi 81, labarin saurayin da ya tashi a gidan sarauta, 'ya'yan sarki suka tsangwame shi, har ya fita ya kafa tasa daula. Akwai Jewel in the Palace na 2003, labarin marainiyar da ta shiga fada tana mai girki, ta ƙare tana likitar sarki. Akwai Boys Over Flowers na 2009, inda ɗiyar mai wanki da guga ta sami kanta a makarantar 'ya'yan attajirai. A 2021 kuma Squid Game ya fito, inda mutum 456 da bashi ya yi wa katutu suka shiga gasar da duk wanda ya faɗi a ke kashe shi. Waƙoƙin kuwa sun fi shiga 'yan sakandare da mu 'yan jami'a. Tun 2012, da waƙar Gangnam Style ta zama ta farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube, sunayen ƙungiyoyi irin su BTS, samari bakwai da suka fito a 2013, da Blackpink, 'yan mata huɗu da suka fito a 2016, suka shiga bakin yaranmu.

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan karyewar tattalin arzikin da ta auka wa Koriya a 1997, gwamnatin Kim Dae-jung ta ɗauki fim da waƙa a matsayin hajar da za a fitar waje, kamar mota da talabijin, ta tallafa musu. A 2010 suka buɗe cibiyar al'adunsu a Abuja, inda a ke koyar da harshensu, a ke kuma shirya gasar waƙa da rawa. Watau dai abin da ya iso rumfar mai caji a Sanyinna haja ce da aka shirya ta da lissafi.

Littafi fa? Rumfar mai caji tana bakin ƙofa, kantin littattafai kuwa sau da yawa sai an yi tafiya zuwa birni. Daga nan sai manya suka yanke hukunci, wai yaran yanzu ba su da haƙurin karatu. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Yaron da ya bi labari ɗaya har kashi 81, kowane kashi kimanin awa guda, ya riƙe sunayen mutane masu wuyar faɗa, ya san wa ya ci amanar wa tun kashi na goma, ba a ce ba shi da haƙuri. Yarinyar da ke bin rubutun Turanci a ƙasan hoto, ai karatu ta ke yi tun da farko. Ƙishirwar labari tana nan yadda ta ke tun zamanin tatsuniya a ɗakin kaka, rijiyar ce aka sake.

Ba Yau Aka Fara Ba

Kafin mu yi wa Koriya hukunci, ya kamata mu waiwayi namu tarihi, domin Bahaushe ya daɗe yana karɓar baƙon labari da baƙon kari. Tun cikin shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo fina-finan Indiya ƙasar Hausa. An yi wa'azi a kansu, an yi faɗa, amma suka zauna, har a Kano aka sami masu bandiri da a ke kira Ushaƙu Indiya, waɗanda suka ari karin waƙoƙin Indiya suka aza masa begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, su ma an yi musu ca, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Rubutun bai tsaya ba. Yau yana yawo a WhatsApp da Wattpad, inda ba idon uba, ba na malami. Wannan ya isa ya nuna mana iyakar abin da hani kaɗai ya ke iya yi.

Littattafan da mu ke taƙama da su a wannan ƙungiya ma, da yawansu baƙi ne da aka yi wa kaciya aka sa musu riga da hula. Magana Jari Ce, da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta aka buga tsakanin 1937 da 1939, ta ɗebo daga Alfu Laila, da labaran Indiya, da tatsuniyoyin Jamus, amma wa zai karanta ta ya ce ba ta Hausa ba ce? Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne. Malam Aliyu Namangi na Zariya ya ga mutane sun ruɗe da kiɗan Caji, sai ya ɗauki karin nan ya gina Imfiraji a kansa, ya tarar da masu sauraro a inda kunnensu ya ke.

Mu mutanen Sakkwato muna da misalin da ya fi waɗannan kusa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta san matan ƙauye ba za su zauna gaban manyan littattafan Larabci ba. Sai ta mai da ilmi waƙa da Hausa da Fillanci, ta naɗa jajoji, suka bi garuruwa suna koya wa 'Yan Taru. Ɗan'uwanta Muhammadu Buhari, wanda ya zauna a Tambuwal, shi ma malami ne mai rubuta waƙa. Gidan da ya kafa ilmi a ƙasarmu bai raina abin da kunnen talaka ya ke so ba, da shi ya yi aiki.

Amma kada in yi wa kaina sauƙi. Asma'u da Namangi kari kawai suka ɗauka, saƙon nasu ne. Wanda ya haɗa littafi da fim ɗin Koriya kuwa ya bar fim ɗin yadda ya ke, da saƙonsa da komai. Saboda haka tarihi ya buɗe mana ƙofa, amma bai yanke shari'ar ba. Sai mun saurari masu suka.

Hujjojin Masu Suka

Suka ta farko ta iyaye da malaman addini ce. Suna cewa, ran da ka ce wa yaro ga littafi mai kama da fim ɗin da ka ke so, ka riga ka sa wa fim ɗin albarka. Alhali a cikin waɗannan fina-finai akwai shan giya kamar ruwa, akwai cuɗanyar maza da mata, akwai sutura da rawar da ba su dace da mu ba. Wannan magana tana da gaskiya, ba kuwa zan raina ta ba. Amma ina so mu lura, yaron bai jira albarkarmu ba, ya riga ya kalla. Zaɓin da ke gabanmu biyu ne: ko ya kalla shi kaɗai, ko ya kalla alhali akwai babban da ya san abin da ya gani, wanda zai iya ce masa wannan hali na kirki ne, wancan kuwa ba namu ba ne. Babban da ya kau da kai ya tsare mutuncinsa, amma ya bar yaron a hannun mai caji. Akwai kuma fina-finan da ba su dace da yaro ba ko ta wace fuska, irin Squid Game mai yawan zubar da jini. Wanda ya san abin ne kaɗai zai hana shi a saurare shi, domin yaro ya kan gane hanin da aka yi da sani da wanda aka yi da ka.

Suka ta biyu daga cikin gidanmu ta ke, watau daga masu kishin adabi. Suna cewa wannan ƙasƙantar da littafi ne, a mai da Shaihu Umar ɗan rakiyar fim. Amsata ita ce, su waɗannan fina-finai da yawansu 'ya'yan littafi ne. Boys Over Flowers daga littafin zane na Japan aka ɗauko shi. The Moon Embracing the Sun na 2012 daga ƙagaggen labari aka ɗauko shi. Mawaƙan ma haka. Kundin waƙoƙin BTS na 2016, mai suna Wings, an gina shi a kan Demian, littafin da Hermann Hesse, marubuci da harshen Jamusanci, ya fitar a 1919, a kan yaron da ke neman gane kansa tsakanin alheri da sharri, kuma dalilin waƙoƙin matasa da yawa suka nemi littafin. A 2020 an ga biyu daga cikin mawaƙan suna karanta Almond, littafin matasa na Sohn Won-pyung, labarin yaron da aka haifa ba ya iya gane tsoro ko fushi ko tausayi, sai littafin ya ƙara yaɗuwa. Wanda ya kai yaro daga fim zuwa littafi, daga reshe ya kai shi zuwa gindin itacen.

Suka ta uku ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin ta shafi gaskiya da ƙarya. Mai ita yana cewa, abin da ka ke yi fatsa ce. Ka sa tana a bakin ƙugiya, kifi ya zo don tana, ya kwana a tukunya. Kai ba ka damu da Jumong ba, kana nuna ka damu ne don ka ja yaro zuwa inda kai ka ke so. Ko da inda za ka kai shi alheri ne, ka yi wasa da hankalinsa, ka kuma koya masa cewa babba ya kan yi fuska biyu.

Na daɗe ina juya wannan magana, ga kuma ma'aunin da na samu. Bambancin mai fatsa da jagora a wuri ɗaya ya ke: mai fatsa ba zai iya gaya wa kifi abin da ya ke yi ba, domin in kifi ya sani, sana'a ta lalace. Jagora kuwa zai iya faɗa wa matafiyi komai, inda za su da hanyar da za su bi, tafiya kuma ba ta fasu ba. To sai mu gwada. Idan na ce wa ƙanwata, “Na ga kina son labarin yarinyar nan da ta zama likita. Ina so ki riƙa karatu, shi ya sa na kawo miki wannan littafi mai irin labarin, ki karanta ki gaya mini wanda ya fi,” me ya lalace? Babu. Na faɗi nufina a fili, ta kuwa san abin da ta karɓa. Duk shawarar da ba ta mutuwa idan an bayyana nufin mai ba da ita, jagoranci ce. Wadda sai an ɓoye nufi ta ke aiki, ita ce yaudara. Da wannan ma'auni na ke cewa haɗa littafi da fim halal ne ga mai gaskiya, ƙugiya ce kuma a hannun wanda ke raina yaron a zuci yana yi masa murmushi a fuska.

Wane Littafi da Wane Fim?

Magana ba ta cika sai da misali. Ga kaɗan daga abin da zan iya miƙa wa yaro ko yarinya a Sanyinna, kowa kuma ya ƙara da nasa.

Mai son Jumong, watau mai son yaƙi da jarunta da kafa daula, a ba shi Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi. In ya gama, a ba shi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin ya ga ɗaya fuskar zamanin takobi, ta yaron da aka sace aka raba da uwarsa, da uwar da ta ƙare rayuwarta wajen nemansa. Fim ya nuna masa mai hawan doki, littafin zai nuna masa wanda doki ya taka. Sa'an nan a ba shi labarin Kanta na Kabi, wanda ya ɓalle daga Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa mulkinsa, wanda kufan birninsa Surame ya ke nan cikin Jihar Sakkwato. Yaron da ya san kafuwar wata daula a gabashin duniya, bai kamata ya jahilci wadda aka kafa a bayan gidansu ba.

Mai son Jewel in the Palace a ba ta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta, aka aurar ga tsoho, ta gudu, ta nemi ilmi har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Labaran biyu suna tambaya ɗaya: me ya ke faruwa ga yarinya mai basira a inda ba a shirya wa basirarta wuri ba? Sai dai na Koriya ya faru a fadar sarki shekaru ɗari biyar da suka wuce, na Balaraba kuwa yana iya faruwa a unguwarmu bana.

Mai son Boys Over Flowers a ba ta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, inda Sumayya 'yar masu kuɗi ta so Muhammad talaka, dangi suka ce sai attajiri. A haɗa mata da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda aka buga a 1980, inda Boɗaɗo Bafillata ta tsaya a kan son wanda ba Bafillace ba. A nan akwai abin tattaunawa mai daɗi: a fim ɗin Koriya saurayin ya fara da wulaƙanta yarinyar kafin ya so ta, aka kuma nuna mana haka kamar abin sha'awa. Shin wulaƙanci hanyar so ce? Yarinyar da ta karanta labari biyu ko uku za ta iya auna wannan da kanta.

Saurayin da ya riga ya ga Squid Game, ko wanda hotunan benaye da motoci suka sa ƙauye ya fita ransa, a ba shi Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, labarin yaron da ya bar ƙauye don ruɗin birni ya faɗa cikin 'yan iska, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci.

Mai son waƙoƙin kuwa, in yana jin Turanci, a nema masa Almond da aka ambata, da Shine, wanda Jessica Jung, tsohuwar mawaƙiyar ƙungiyar Girls' Generation, ta fitar a 2020 a kan wahalar da yarinya ke sha kafin kamfani ya fito da ita. A haɗa masa da Fasaha Aƙiliya ta Alhaji Aƙilu Aliyu, a sa shi ya rera da baki, domin ya ji cewa harshensa ma yana da kari da amsa-amo da ke motsa jiki.

Sharuɗɗan Amana

Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda aka nemi shawararsa an ɗora masa amana. Ba da littafi shawara ce, saboda haka tana da sharuɗɗa, ina kuma ganin uku ne.

Na farko, ka san abin da ka ke miƙawa, ka kuma san abin da ka ke haɗa shi da shi. Kada ka ba yaro littafin da ba ka karanta ba, kada ka yi magana a kan fim ɗin da ba ka gani ba. Cikin littattafan Hausa da ke yawo a waya akwai waɗanda suka fi kowane fim ɗin Koriya batsa, kasancewar abu da Hausa ko a rubuce ba ya wanke shi. Wannan sharaɗi yana da tsada, domin yana cin lokaci, amma wanda ba zai iya biya ba gara ya yi shiru.

Na biyu, ka faɗi gaskiya a kan duka biyun. Ka yaba abin yabo a fina-finan: girmama manya, naci a kan sana'a, kishin ƙasa. Ka kuma faɗi abin da hoto ya ɓoye. Mawaƙan nan tun suna yara kamfanoni ke ɗaukarsu, su yi shekaru ana horar da su, ana auna abincinsu da nauyin jikinsu, mafi yawansu kuma ba su kai ga fitowa. Jonghyun na ƙungiyar SHINee ya kashe kansa a 2017 yana da shekara 27, Sulli ta bi bayansa a 2019 tana da 25, bayan ta sha zagi da cin mutunci a intanet. Yarinyar da ke duba madubi tana ƙin launin fatarta saboda fuskokin da ta gani a waya, haƙƙinta ne ta san da kwalliya da fitila da wuƙar likita aka yi da yawa daga fuskokin nan. Haka kuma in littafin namu yana da rauni, ka faɗa, kada kishi ya sa ka yi ƙarya.

Na uku, ka bar masa hukunci. In ya dawo ya ce fim ɗin ya fi littafin daɗi, kada ka ɓata rai, ka tambaye shi dalili. Ran da yaro ya fara kawo dalili, yana cewa wannan labari ya fi wancan saboda kaza, ran nan ya zama manazarci, ko da ra'ayinsa ya saɓa wa naka. Amfanin littafi ke nan da hoto ba ya bayarwa cikin sauƙi: mai karatu shi ke riƙe da linzami, ya tsaya inda ya so, ya koma baya, ya shiga zuciyar mutumin da a ke ba da labarinsa, ya ƙera masa fuska da kansa. Mai kallo kuwa an riga an zaɓa masa fuska da kiɗa da lokacin da zai yi kuka. Idan muka ba yaro littafi sa'an nan muka ƙwace masa linzamin, mun rushe abin da muka zo ginawa.

Kammalawa

Akwai darasi ɗaya da na ke so mu ɗauka daga mutanen Koriya, wanda ya fi rawa da kitso muhimmanci. A 1446 sarkinsu Sejong ya ƙaddamar da baƙaƙen rubutu na harshensu, domin talaka ya iya rubuta abin da ke bakinsa, kamar yadda malamanmu suka yi da ajami. Japan ta mallake su daga 1910 zuwa 1945, har ta matsa wa harshensu a makarantu. Suka yi yaƙi daga 1950 zuwa 1953, a lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960 kuwa suna cikin matalautan ƙasashen duniya. Duk da haka da harshensu suka yi fim, da shi suka yi waƙa, da shi Han Kang ta rubuta littattafan da suka sa aka ba ta kyautar Nobel ta adabi a 2024. Sun ari dabarun Amurka da Japan, amma labarin kakanninsu suka ba duniya. Wanda ya kwaikwayi rigarsu ya bar wannan hali, ya ɗauki ɓawo ya zubar da ƙwaya, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Saboda haka ƙarshen tafiyar da na ke kira gare ta shi ne alƙalami. Yarinyar da ta kalli labarin likitar fada, ta karanta na Balaraba, mataki na gaba shi ne ta rubuta na ungozomar unguwarsu. Ƙofofi suna nan, ga gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta, ga kuma shafukan wannan mujalla.

'Yan'uwana ɗalibai, hutu yana tafe, kowa zai koma garinsu. Ina roƙon kowannenmu ya sa littafi biyu ko uku a jakarsa, waɗanda ya karanta da kansa. In ya isa, ya zauna da ƙannensa, ya tambaye su abin da su ke kallo, ya saurara har su gama, sa'an nan ya fito da abin da ya zo da shi, ya faɗi nufinsa a fili. Malamanmu kuma muna roƙonsu su taimaka mana da tsara jerin littattafan da suka dace da kowane shekaru, su kuma ƙarfafa masu iya fassara su nemi izinin mai da kyawawan littattafan matasa na wasu ƙasashe zuwa Hausa, yadda Imam ya share mana hanya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya matso kusa ya kama shi da hannu.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar na bayanmu, ya sa mu dace, amin.